Namadi da Hodar Dahome

A Tungar Marke, wani ƙauyen masunta da ke bakin fadamar kogin Kwara, tafiyar hantsi daga Kurgu, an yi wani mutum ana ce masa Namadi mai magimfa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, maganarsa a hankali take fita. Bai riƙe sarauta ba, karatunsa bai wuce na salla ba, gonarsa ma ba ta fi ta kowa ba. Amma a kowace shekara akwai kwana bakwai da duk garin, har da Maigari, nasa umarnin ake bi.

Wurin ubansa Sambo ya gaji sana'ar kamun kifi da magimfa. Magimfa tsiro ce da kan kai tsayin mutum, ganyenta da laushi, furenta fari. Idan aka daka ganyen aka zuba a ruwan da ba ya gudu, kifi kan bugu ya taso sama yana buɗe baki, sai a kwashe shi da kwando. Mutum ya dafa ya ci, babu abin da zai same shi. Kowa a ƙasar ya san haka. Sanin awon ne ya fi ƙarfin kowa, shi ya sa aikin ya tsaya a gida ɗaya. Tun Namadi yana saurayi yake bin ubansa Dogon Tafki, babban ruwan da Kwara ke bari a bayan gari idan ta janye da bazara. Sambo kan shiga da gora ya gwada zurfi wuri bakwai, ya dubi launin ruwan, ya dubi rana, sannan ya faɗi yawan turmin da za a daka. Ba ya bayani. Da Namadi ya fara faɗin adadin a ransa yana dacewa da na tsohon shekara uku a jere, sai Sambo ya miƙa masa gorar, ya koma inuwa.

Aikin yana da ƙa'ida. Kwana uku kafin ranar, Namadi kan tafi da ƙafarsa rugar Arɗo Giɗaɗo, shugaban Fulanin da ke shayar da shanu a tafkin, ya sanar da shi a karkata shanu zuwa wani mashayi. Yakan sa a datse wutsiyar tafkin da laka da ciyawa, don 'yan ƙananan kifi su sami wurin tsira. Da sassafe ake zuba dakan, domin ya lura cewa da rana ta yi zafi ƙarfin magimfa kan fara karyewa. Bayan an kwashe kifi, babu mai ɗiban ruwan nan har kwana bakwai. Ran na bakwai gari ya taru, Namadi ya shiga har gwiwa, ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya sha sau uku a gaban kowa, ya juyo ya ce ruwa ya huce. Daga nan shanu su sauko, mata su zo da tuluna. Shekara ashirin da biyu yana wannan, ko ɗan akuya bai taɓa yin tari ba.

Matarsa ɗaya, Sakinatu, 'yar Kende, mace mai kaifin baki da saurin aiki, ita ke yi masa bandar kifi. Sun haifi huɗu, biyu suka rayu, mata ne, duk sun yi aure a Zagga. Sakinatu tana da ƙane, Ango, wanda ta goya bayan rasuwar uwarsu. Ango bai taɓa riƙe komar kamun kifi ba. Fatauci yake, yana haye iyaka ta Lolo zuwa ƙasar Dahome, ya kai goro da busasshen kifi, ya dawo da atamfa, ashana da turare. Yana da fara'a, ya iya Dendanci da ɗan Faransanci, kuma ba ya shigowa gidan yayarsa hannu sake. Namadi yana son sa, ko da yake ya sha gaya wa Sakinatu cewa ƙanenta ba ya bari tuwo ya huce.

A shekarar da aka sami mulkin kai, ambaliya ta wuce inda ta saba. Ruwa ya kwanta a bayan gidan Namadi kusan wata guda, magimfar da ya shuka ta ruɓe, sai 'yan guntaye suka tsira a kan tudu. Da bazara ta zo ya duba abin da ke akwai, ya ga ba zai cika turmi shida ba, alhali Dogon Tafki yana cin talatin. Ya je ya gaya wa Maigari Ma'azu cewa bana a bar tafkin ya huta, a yi kamun kifi da koma da mashi.

Maigari bai ji daɗin maganar ba. Zaɓe ya gabato, an aiko masa cewa manyan baƙi na jam'iyya za su yada zango a garin nan da kwana huɗu, da motoci biyu da makaɗa, kuma an riga an yi musu alkawarin kifin Dogon Tafki. Ana ta raɗe-raɗin cewa garin da ya karɓe su da kyau shi za a haƙa wa rijiyar siminti. Maigari ya ce wa Namadi ya je ya sake tunani.

Da yamma Ango ya shigo gidan da ɗan buhu a kafaɗa, ya sauke shi a gindin turmi, ya kwance bakin. Hoda ce mai launin toka-toka, tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya ce a hayin Dahome ake raba wa manoman auduga don kashe tsutsa, masuntan can kuma sun gano tana kama kifi fiye da kome, har suna kiranta magimfar Faransa.

Namadi ya shafa ta tsakanin yatsunsa, ya sansana. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya saka ƙananan karfasa uku, ya barbaɗa ɗan abin da bai kai cikin farce ba. Hodar ba ta narke ba, ta yi ta yawo a sama, daga baya ta sauka ƙasan ƙwaryar. Kifin kuwa ba su taso suna buɗe baki yadda ya saba gani ba. Zabura suka yi ta yi suna bugun gefen ƙwarya, suka lanƙwashe, suka tsaya.

"Ba buguwa suka yi ba," in ji Namadi. "Mutuwa suka yi."

"To, Yaya, in ba mutuwa ba mi muke so su yi?" in ji Ango yana dariya.

Namadi ya ce a ba shi kwana bakwai ya ajiye ƙwaryar a rana, ya sake saka kifi ya ga ko ruwan ya huce. Ango ya tuna masa baƙi kwana huɗu suka rage. Washegari Maigari ya kira shi gaban dattawa ya yanke maganar: za a zuba hodar, ko da shi ko ba shi. In ya ƙi, Ango zai zuba.

Namadi ya wuni yana juya abin. Ya san in aka bar wa Ango, ba zai datse wutsiyar tafki ba, ba zai je ruga ba, zai juye buhun nan duka a wuri guda. Ya ga gara hannunsa ya shiga, ko ya rage ɓarna. Akwai kuma wani abu da bai gaya wa kowa ba sai bayan shekaru: bai iya jure tunanin a shiga Dogon Tafki ba shi a gaba. Ya je rugar Giɗaɗo ya ba da sanarwa kamar kullum. Arɗo ya tambaye shi ko gaskiya ne an kawo sabon magani. Ya ce gaskiya ne, amma shi zai auna. Giɗaɗo ya ce tun da shi ne, ba damuwa.

Ya auna da sanin da yake da shi. Ya ga hodar ta fi magimfa ƙarfi nesa, sai ya ce a zuba rabin buhun kawai, a dama da laka don ta nutse. Hantsi bai yi ba tafkin ya yi fari da cikin kifi. Tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, ramboshi, har giwan ruwa biyu da ba a san suna ciki ba. Mutane suka yi ta kwasa suna guɗa. Namadi na tsaye a baki yana kallon abin da sauran ba su kula da shi ba. Kwaɗi sun mutu, kaguwa ta fito ta mutu a bakin raminta, ƙwarin da ke tafiya a kan ruwa babu ko ɗaya. Da ya zagaya wutsiyar da ya datse, nan ma 'yan kifin sun juya ciki.

Baƙi suka zo, suka ci, suka yaba, aka yi jawabi a kan sabon zamani, suka wuce. A cikin gari an sami masu amai da jiri, musamman waɗanda suka ci tarwaɗa mai kitse, wata tsohuwa ta yi ta karkarwa wuni guda sannan ta warware. Aka ce yawan ci ne. Sakinatu ta ce kifin yana da wani ɗanɗano kamar na tsohon buhu, ta daina ci, amma ta yi bandarsa kamar kowa.

Ran kwana na bakwai gari ya taru. Ruwan ya kwanta, ya yi garau fiye da yadda ya taɓa yi, ana hango ƙasansa. Shanun Giɗaɗo suna tsaye a kan tudu suna kuka, domin mashayin da aka kai su ya ƙafe tun shekaranjiya. Namadi ya shiga har gwiwa ya sha sau uku. A kurɓi na biyu ya ji warin nan a can bayan harshensa, kaɗan ƙwarai, har yana iya cewa zato ne. Ya dubi Maigari, ya dubi Arɗo da ke dogare da sanda yana jiransa, ya dubi shanun. Ya ce ruwa ya huce.

Shanu suka sauko a guje, suka kutsa har ciki, suka tattake laka, ruwan ya koma baƙi, suka sha. Da azahar kan Namadi ya fara sara, leɓɓansa suka yi nauyi. Ya yi niyyar tashi ya je ruga ya ce a hana shanun komawa tafkin da yamma, sai ya ce wa kansa rana ce ta buge shi, ya kwanta a zaure. Sun koma da yamma, sun koma washegari. A rana ta uku maruƙa suka fara faɗuwa suna harba ƙafa, kumfa na fita a bakinsu. Goma sha ɗaya suka mutu, da shanu biyu masu ciki. Jikar Giɗaɗo, 'yar wata tara, wadda uwarta ke ɗiban ruwa a tafkin kuma ta ci kifin sosai, ta yi ta sanƙarewa kwana biyu ta rasu. Babu mai iya rantsuwa cewa ruwan ne ya kashe ta, domin yara na mutuwa da bazara. Amma Namadi bai taɓa shakka ba.

Giɗaɗo bai zo da faɗa ba. Ya zo shi kaɗai, ya tsaya a ƙofar gida, ya ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa masa.

"Namadi, da ka sha ruwan nan, ba ka ji kome ba?"

Namadi ya sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Arɗo ya juya ya tafi. Shi ya kai ƙara.

Kafin sammaci ya iso an yi kusan wata. Ango ya haye Dahome tun ranar da maraƙi na farko ya faɗi, da sauran rabin buhun. Maigari ya fara cewa shi dai bai san awo ba, wanda ya san awo shi ya auna. A cikin watan nan Namadi bai je gona ba. Ya ɗebo lakar tafkin a tukwane uku, ya zuba ruwan rijiya a kai, ya jera su a rana. Kusa da su ya ajiye tukunya ta huɗu da dakan 'yar magimfar da ta rage masa. Duk bayan kwana bakwai sai ya je bakin Kwara ya kamo ƙananan kifi, ya motsa lakar ya saka su. Na tukunyar magimfa tun mako na farko suke iyo abinsu. Na tukwanen laka suna mutuwa a mako na farko, da na biyu, da na huɗu. Sakinatu ta ce mutane sun fara cewa ya taɓu, ya ce su faɗa.

A lokacin akwai wani malamin gona a Bagudo, Bayarabe mai suna Dele, wanda ya yi makarantar aikin gona a Zariya, ya iya Hausa sosai. Labarin shanun ya kai masa, ya zo a kan keke. Namadi ya nuna masa tukwanen da ɗan guntun hodar da ya ƙulle a tsumma. Dele ya sansana sau ɗaya ya ce ya san ta, a kudu ana fesa danginta a gonakin koko. Ya duba tukwanen ya tambayi wanda ya koya masa gwada abu haka. Namadi ya ce babu.

"Malam Dele, abu ɗaya nike so in sani. Duka biyu dafi ne, duka suna kashe kifi. Don mi ɗaya ke hucewa, ɗaya ba ya hucewa?"

Dele ya tsuguna, ya gutsuri laka ya mulmula 'yan ƙwallaye, ya karya tsinken tsintsiya. Ya ce kowane abu a duniya, da ruwa da gishiri da dafi, an gina shi ne da wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma halin abu yana bin yadda aka haɗa ƙwayoyinsa. Ya jera zobba biyar na laka a manne da juna, doguwar sarƙa mai lanƙwasa, ya ce ga kamannin dafin magimfa. Yana da gaɓoɓi da yawa, akwai wuraren da ba su da ƙarfi, hasken rana da iska suna samun inda za su kama su tsinka shi. Da ya tsinke ya zama wani abu dabam, ba ya kisa. Sai ya ajiye wannan, ya haɗa ƙwallaye shida zobe guda, ya soka wa kowanne ƙaton dunƙule a waje. Ya ce ga hodar. Zoben a rufe yake, dunƙulen nan shida sun tsare shi ta kowane gefe, rana ba ta samun gaɓar da za ta kama da sauri. Ruwa ma ba ya karɓarta, shi ya sa ta sauka ta manne wa laka, saman tafkin ya yi garau. Kitse kuwa yana karɓarta hannu biyu. In ta shiga jikin kifi ko saniya ko mace, sai ta zauna a kitse, ta bi nono ta fita.

Da Namadi ya ji maganar nono sai ya kawar da fuska. Sannan ya ce ya gane, shi ma yana saƙa koma, zare ɗaya ne amma akwai ƙullin da ke warwarewa in an ja, akwai wanda sai wuƙa. Dele ya ce haka ne. Ya ƙara nuna masa wani abu. Ya juya wasu dunƙulen suka dubi sama, wasu ƙasa, ya ce da wannan juyin kaɗai ana samun iri dabam-dabam, ƙwayoyi ɗaya, zobe ɗaya. A cikin buhun da aka kawo, iri ɗaya ne tak ke kashe tsutsa, kuma shi ne kaɗan. Sauran ba su da amfani a gona, sai dai akwai wanda ya fi mai aikin daɗewa a ƙasa da jikin mutum.

Namadi ya tambaye shi kwana nawa kafin tafkin ya huce. Dele ya ce ba maganar kwana ba ce, sai ambaliya ta wanke shi, wataƙila sau biyu ko uku.

"Ku kun san wanga duka," in ji Namadi. "Wanda ya yi ta ya sani. Wanda ya sa ta a buhu ya sani."

"An rubuta a jikin babban buhun da ake ɗebo ta ciki, Baba, da Faransanci," in ji Dele.

Dele ya yi alkawarin rubuta takarda ya bayyana cewa babu yadda mai awon magimfa zai san halin wannan hoda, kuma ya rubuta, shafi uku, ya aika. Ran shari'a ba a karanta ta ba, an ce ba ta iso ba. Alƙali ya yi tambaya uku. Wa ya auna? Wa ya ce a dama da laka? Wa ya sha ya ce ruwa ya huce? Duka Namadi ya ce shi ne. Da aka tambaye shi inda hodar ta fito, ya waiga ya ga Sakinatu a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi, sai ya ce daga kasuwa. Maigari ya ba da shaida cewa tun farko shi ya so a bar tafkin ya huta. Aka yanke wa Namadi ɗaurin wata tara, aka tafi da shi birni a bayan mota. Kafin ya fito an mayar da Dele wani lardi, ba su sake haɗuwa ba.

Namadi ya dawo ya rame, gemunsa ya yi fari. Ya tarar an kafa doka a ƙasar, an hana kamun kifi da kowane irin dafi, kuma don a nuna an bi doka, dogarai sun zo sun tumɓuke 'yar magimfar da ta rage a bayan gidansa sun ƙone. Hodar kuwa tana nan a kasuwar Lolo da ta Bagudo, ana auna ta a gwangwanin tumatir, domin ita maganin gona ce, doka ba ta shafe ta ba. Samari suna zuba ta a ƙananan tafkuna da tsakar rana, ba sanarwa, ba kwana bakwai. Masu banda sun gano in aka barbaɗa ta a busasshen kifi ƙwaro ba ya taɓa shi. Wasu mata suna kwaɓa ta da man shanu su shafa wa 'ya'yansu a kai saboda ƙwarƙwata.

Namadi ya yi ƙoƙarin magana. Ranar kasuwa yakan tsuguna kusa da masu sayar da ita, ya mulmula laka ya haɗa zoben nan mai ƙwallo shida, yana bayanin kitse da nono. Mutane su taru su yi kallo, wani ya ce ai wannan ne ya kashe shanun Fulani, sai a watse ana dariya. Wata rana mai hodar ya tattake lakar da ƙafa ya ce ya tashi yana kore masa ciniki. Bayan shekara guda ya daina zuwa.

Rijiyar siminti ba a haƙa ta a Tungar Marke ba. Dogon Tafki ya yi bazara uku babu kifin kirki, daga baya ya farfaɗo kaɗan, sai aka sake zuba masa. Giɗaɗo ya kwashe rugarsa ya haye Dahome, can wajen Borgu. Namadi ya bi shi sau ɗaya, tafiyar kwana uku a ƙasa, don neman gafara. Arɗo ya sa aka ba shi nono da wurin hutawa, ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce shanun ya yafe, tun da dabba dukiya ce, tana tafiya tana dawowa. Maganar yarinyar kuwa ba tasa ba ce, ta uwarta ce, kuma uwar ta ce ba ta son ganinsa. Namadi ya kama hanya ya dawo.

Sauran rayuwarsa ya yi ta ne a zaurensa yana ɗinke wa mutane koma. Aikinsa mai kyau ne, ana kawo masa daga Kende da Kurgu, amma masu kawowa ba su zama hira. A masallaci yakan tsaya a ƙarshen sahu. Shi da Sakinatu ba su taɓa yin faɗa a kan Ango ba, ba su kuma taɓa ambatar sunansa a tsakaninsu ba. Ta san abin da ya yi mata a gaban alƙali, kuma sanin ya yi mata nauyi. Kaifin bakinta ya tafi, ta koma yi masa hidima shiru kamar baƙo.

Ango ya dawo bayan shekara biyu da ƙura ta lafa. Ya buɗe shago a Bagudo yana sayar da maganin gona, da takardar izini a manne a bango. Ya sayi mota, ya je Makka. Yakan aiko wa yayarsa da shinkafa da atamfa kowace salla, ita kuma ta raba wa maƙwabta. Sau ɗaya ya zo da kansa, ya durƙusa a zaure ya ce Yaya a yi haƙuri, abin da ya wuce ƙaddara ce, shi ma bai sani ba. Namadi bai ɗaga kai daga komar da yake ɗinki ba. Ya tambaye shi ko yanzu ya sani. Ango ya ce yanzu gwamnati ce ta yarda a sayar. Namadi ya ce to ya gaida gida.

Namadi ya rasu da damina, shekara guda bayan an gama yaƙin basasa, bayan jinyar ƙirji ta 'yan makonni. Ruwa ya yanke hanyar Zagga, 'ya'yansa ba su sami zuwa ba sai bayan kwana uku. A gidan babu farin yadi, a garin ma ba a samu ba. Ana cikin shawara sai ga Alhaji Ango, labari ya kai masa, ya bar motarsa a inda hanya ta yanke, ya ƙaraso a kwalekwale da sabon bandir na alawayyo a ƙarƙashin hammata. Ya shiga wurin yayarsa ya ajiye a gabanta.

Sakinatu ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Liman ya aiko a karo na biyu cewa hadari yana haɗuwa, kabari zai cika da ruwa. Ta tura yadin da bayan hannu wajen matar da aka aiko, ta ce a kai a yanka. Aka yi wa Namadi sutura da shi, mutum goma sha huɗu suka yi masa salla, Ango a sahun gaba. Bayan Sakinatu ta fita takaba ta tattara kayanta ta koma Zagga wurin babbar 'yarta, ta bar gidan a rufe. Damina biyu katangar ta zube, maƙwabci ya haɗa filin da gonarsa ya shuka masara.